Yadda na mayar da faifaina daga ext4 zuwa btrfs ba tare da na goge shi ba

Wani hoto ne ya fara tayar mini da hankali. A cikin faifan da nake tara ayyukana akwai takardun da na ɗauka da sikana shekarun baya, kuma wata rana da na buɗe ɗaya daga cikinsu sai na ga rabinta na sama lafiya lau, rabin ƙasa kuwa ya koma toka-toka, babu harafi ɗaya da ake iya karantawa. Na garzaya ga kwafin da nake da shi a wani ƙaramin faifai, na tarar shi ma haka yake, domin lalatacciyar ce na kwafa ban sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne kwamfutar ba ta taɓa yi mini ko da gargaɗi ba. Da na bincika sai na gane dalili: tsarin fayiloli na ext4, wanda ya zauna da gindinsa a Linux tun Disambar 2008, yana sa lambar tantancewa a kan rajistarsa ta inda kowane fayil yake, amma ba ya sa ta a kan abin da ke cikin fayil ɗin. Shi kuwa btrfs, wanda Chris Mason ya fara rubutawa a 2007 aka kuma shigar da shi cikin Linux a 2009, yana sa wa kowane guntun bayani lambarsa, ta yadda duk ranar da guntun ya canza da kansa zai ƙi miƙo shi, ya kuma faɗi fayil ɗin da abin ya shafa. Wannan kaɗai ya sa na ƙudurta sauyawa.

Kwamfutar tana ɗauke da Debian 12, wani nau'in Linux, da faifai biyu. Na farko shi ne babba mai juyawa, terabait 2, mai ɗauke da bayanai kimanin terabait 1.3. Na biyu SSD ne mai gigabait 500, wanda manhajar kanta take zaune a kai. Hanyar da kowa ya sani ita ce a kwashe komai, a goge faifan, a shimfiɗa sabon tsari, a mayar da kayan. Ni kuwa ba ni da inda zan kwashe terabait 1.3, don haka da na ji labarin umarnin btrfs-convert, wanda ke sauya tsarin a inda yake, sai na ɗauka na samu mafita ba tare da na sayi komai ba. Na gaya wa wani abokin aikina da ya girme ni a wannan harka. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, idan aikin ya tsaya a tsakiya, a ina kwafinka yake?" Na ce ai umarnin yana da hanyar komawa baya. Ya ce hanyar komawar a kan wannan faifan take zaune, idan faifan ya samu matsala tare za su tafi. Ban samu amsar da zan ba shi ba. Washegari na sayi faifan waje mai terabait 2, kuma shi ne kaɗai abin da na kashe wa kuɗi a duk aikin, sauran kuɗin da na biya lokaci ne.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da na samu faifan waje, me ya hana ni bin tsohuwar hanya? Na yi wa kaina wannan tambayar. Idan na goge faifan, daga wannan lokacin har zuwa ƙarshen mayar da kaya, kwafi ɗaya tak ya rage mini a duniya, a kan sabon faifan da ban ma gama sanin halinsa ba. Idan kuwa na sauya a inda yake, kwafi biyu ke nan a hannuna daga farko har ƙarshe. Wannan lissafi ne ya rinjaye ni, kuma har yanzu ina ganin daidai ne ga faifan bayanai.

Kafin komai na duba lafiyar faifan da smartctl, na mai da hankali kan adadin guraben da aka sauya wa wuri da waɗanda ke jiran a sauya musu, na tarar duka biyun sifili ne. Da na ga wani abu a nan, da na fasa aikin, domin sauyawar tana karanta faifan kusan kaf, kuma faifai mai ciwo a irin wannan wahala yake cikawa. Daga nan na kwashe komai da rsync tare da zaɓin -aHAX, domin izinin fayiloli da mahaɗansu su tafi yadda suke. Wannan ya ci kusan awa 7, saboda ƙananan fayiloli sun yi yawa. Bayan haka na sa sha256sum ya lissafa lambar kowane fayil ya rubuta a takarda guda, wadda na ajiye a faifan waje. Ya ƙara cin awa 3, kuma a lokacin na ji kamar ɓata lokaci nake yi, amma daga baya ita wannan takardar ce ta ba ni natsuwar da ba wani abin da zai iya ba ni.

Akwai wani mataki da nake roƙon duk mai niyyar wannan aiki kada ya tsallake shi, wato gwaji a kan abin da ba shi da amfani. Na ƙirƙiri fayil mai gigabait 5, na shimfiɗa masa ext4 kamar faifai ne na gaske, na zuba masa tarkace, na sauya shi zuwa btrfs, na rubuta sabuwar takarda a ciki, sannan na mayar da shi baya da btrfs-convert -r. Duka bai kai minti 20 ba. Da na buɗe shi bayan komawar sai na ga tsofaffin fayilolin suna nan cif, sabuwar takardar da na rubuta kuwa babu ita babu alamarta. Gani ya kori ji. A nan na fahimci cewa komawa baya tana mayar da faifan ne zuwa daidai yadda yake a ranar sauyawa, duk abin da aka yi bayan nan ya tafi.

A wannan gwajin ne kuma na fahimci abin da ake nufi da sauyawa a inda ake, wanda da farko na yi masa gurguwar fahimta. Na ɗauka umarnin yana ɗaukar fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana sake rubuta su da sabon salo. Ba haka ba ne. Bayanan ba sa motsawa daga inda suke kwance. Abin da yake yi shi ne ya nemi filin da babu komai a cikin faifan, ya rubuta sabuwar rajista ta btrfs a can, wadda take nuna waɗannan guraben da tsohuwar rajista take nunawa. Kamar ɗakin ajiyar littattafai ne da aka rubuta wa sabon kundin sunaye ba tare da an taɓa littafi ko ɗaya a kan kanta ba. Wurare kaɗan ne kawai dole a kwashe, domin btrfs yana keɓe wa kansa megabait na farko na faifan, inda babban shafinsa, wato shafin da ke bayyana tsarin faifan gaba ɗaya, yake a kilobait na 64, yana kuma ajiye kwafin wannan shafi a megabait na 64 da gigabait na 256. Abin da ke waɗannan wurare ana matsar da shi gefe a adana. Ita kuma tsohuwar rajistar ba a share ta, ana naɗe tsohon tsarin gaba ɗaya a cikin fayil guda mai suna image, a wani reshe, wato keɓaɓɓen sashe na btrfs mai kama da folda, mai suna ext2_saved. Sunan ya ruɗe ni da farko, na ɗauka umarnin ya yi kuskuren gane faifaina, ashe haka yake kiran ext2 da ext3 da ext4 baki ɗaya. Daga wannan bayani abu biyu suka fito fili: dole faifan ya kasance da sarari, kuma muddin reshen nan yana nan, ƙofar komawa a buɗe take.

Ranar aikin na rufe duk manhajojin da ke taɓa babban faifan, na kwance shi da umount, domin ba a sauya faifan da yake ɗaure ana aiki da shi. Na jona kwamfutar da batirin ko-ta-kwana saboda gudun yankewar wuta. A ƙa'ida, tun da a fili ake rubutu kuma sai a ƙarshe ake sauya babban shafi, tsohon tsarin yana nan ko da aikin ya katse, amma ban ga dalilin gwada wannan ƙa'ida a kan kayana ba. Na gudanar da e2fsck -fvy, ya ɗauki kimanin minti 10, ya gyara 'yan ƙananan kurakurai a ƙidayar guraben da babu komai. Wannan gyara ba ƙaramin abu ba ne, domin da wannan ƙidayar ce mai sauyawar yake sanin inda zai rubuta, kuma idan ta nuna masa wuri babu komai alhali akwai, a kan bayananka zai yi rubutu. Na duba sunan faifan da lsblk har sau uku, na gwada girmansa da abin da na sani, sannan na rubuta btrfs-convert -L da sunan ɓangaren, harafin L ɗin domin ya riƙe laƙabin faifan na da. Na ɗan jima yatsana yana kan maɓallin kafin na danna.

Layuka kaɗan suka fito da sauri, sannan allon ya tsaya a kan "Create ext2 image file", ya ƙi gaba. Minti 30 suka wuce, awa ɗaya ta wuce, babu ƙidaya, babu kashi cikin ɗari, babu komai. Gabana ya fara faɗuwa, har na kai hannu zan katse shi. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙaramar fitilar faifan da ke gaban akwatin, wadda take kunne ba ta ko ƙiftawa, da kuma wata siririyar ƙara da nake ji idan na kara kunnena. Na buɗe wata taga na duba da iostat, na ga ana karanta sama da megabait 100 a kowace daƙiƙa. Sai na yi lissafi: domin ya sa wa kowane guntu mai kilobait 4 lambar tantancewarsa, dole ya karanta duk abin da ke faifan, kuma terabait 1.3 a wannan gudu ba zai gaza awa 3 da rabi ba. Na mayar da hannuna. Lambar da yake amfani da ita idan ba a zaɓi wata ba ita ce crc32c, mai bait 4 ga kowane guntu, wato kusan gigabait ɗaya ga kowane terabait. Akwai zaɓin -d da ke tsallake wannan lissafi ya gama da wuri, amma ni saboda lambobin na zo, tsallake su ya zama zubar da aikin gaba ɗaya. Bayan awa 4 da 'yan mintuna layin ya motsa, ƙidayar fayiloli ta fara gudu, kuma wannan kashi bai kai minti 40 ba. Da na ga "Conversion complete" sai na sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Ban ɗaura faifan don rubutu ba tukuna. Na gudanar da btrfs check, wanda ba ya taɓa komai sai karatu, bai sami kuskure ba. Na ɗaura shi a matsayin na karatu kawai, na kawo takardar lambobin nan, na sa sha256sum -c ya gwada kowane fayil da lambarsa ta da. Wata awa 3 ke nan. Babu fayil ɗaya da ya saɓa. Takardar nan mai rabin toka ita ma ta fito daidai da yadda take, kuma a nan na gane wani abu da ya kamata in faɗa ƙarara: sauyawar ba ta warkar da abin da ya riga ya lalace, hatimi kawai take bugawa a kan abin da ta tarar. Haka kuma a faifai ɗaya mai kwafin bayanai ɗaya, btrfs zai gaya maka fayil ya lalace, amma ba shi da inda zai ɗauko lafiyayye ya gyara. Faifan wajen nan da na so in guje wa saye shi ne inda gyaran zai fito.

Kuskurena na farko ya zo ne da na sake kunna kwamfutar. Ta tsaya a baƙin allo tana ƙirga daƙiƙa 90 tana jiran wani faifai, daga nan ta jefa ni cikin yanayin gaggawa tana neman kalmar sirrin mai gida. Na yi tsuru-tsuru, na ɗauka faifan ya tafi. Ashe fayil ɗin /etc/fstab ne, inda ake rubuta faifan da za a ɗaura lokacin tashi. Sauyawar tana ba wa faifan sabuwar lambar shaida ta UUID, ni kuwa na bar tsohuwar a rubuce, ga kuma kalmar ext4 a gefenta. Kwamfutar tana neman faifan da babu shi ne. Na duba sabuwar lambar da blkid, na rubuta ta, na mayar da ext4 zuwa btrfs, na kuma mayar da lambar ƙarshen layin zuwa 0, tun da btrfs ba ya bukatar irin binciken da ake yi wa ext4 lokacin tashi. Gyaran bai kai minti 5 ba, amma da na san da shi tun farko da ban shiga wannan firgici ba. Daga baya na ga cewa btrfs-convert yana da zaɓin --uuid copy, wanda ke riƙe tsohuwar lambar.

Na yi mako biyu ina aiki da faifan ba tare da na taɓa ext2_saved ba. A cikin wannan lokaci na goge tsofaffin bidiyo kusan gigabait 100, na duba sarari, na ga bai ƙaru ko kaɗan ba. Na sake dubawa da btrfs filesystem usage, wanda ya fi df, umarnin duba sarari da aka saba da shi, faɗin gaskiya a wannan tsari, shi ma haka. Sai da na zauna na tuna da gwajina sannan abin ya warware mini: fayil ɗin image yana riƙe da kowane gurbi na tsohon tsari, don haka duk abin da na goge yana nan a ƙarƙashinsa, kuma duk tsohon fayil ɗin da na gyara yana cin sabon wuri, na da kuma yana nan. Ke nan faifan da ya kusa cika zai iya toshewa a wannan tsakani. Akwai kuma abubuwa biyu da na kiyaye ban yi ba a makonnin nan. Ban gudanar da balance ba, domin yana kwashe guraben daga inda tsohuwar rajista ta san su, kuma daga nan babu komawa. Ban kuma gudanar da defragment ba, domin yana raba fayil da gurbin da yake tarayya da image, sai kowanne ya ci wuri biyu.

Da na gamsu, na sabunta kwafin waje, na gudanar da btrfs scrub ya karanta komai ya gwada da lambobinsa ba tare da kuskure ba, sannan na goge reshen da btrfs subvolume delete. Umarnin ya dawo nan take, amma sararin a hankali ya riƙa fitowa cikin kusan rabin awa, domin sharar a bayan fage ake yin ta. Bayan nan na bi abin da littafin umarnin ya ba da shawara, wato defragment a kan dukkan faifan da zaɓin -r da -t 32M, domin haɗa gutsattsarin da aka gada, na kuma ƙara -czstd domin ya matse tsofaffin fayiloli, tun da matsewar da ake sawa a fstab sababbin rubutu kawai take shafa. Wannan ya kwana yana yi. Hotuna da bidiyo ba su ragu ba, domin a matse suke tun asali, takardun rubutu ne suka ragu sosai. Abu na ƙarshe da na lura da shi shi ne rajistar kwafi ɗaya take da shi, alhali sabon faifan da aka shimfiɗa da mkfs.btrfs biyu yake ajiyewa. Na gyara wannan da btrfs balance start -mconvert=dup, wanda ya kuma tattara rajistar wuri guda.

Nasarar farko ta ba ni ƙarfin gwiwar taɓa faifan manhaja, kuma a nan ne aikin ya fi yawa. Tun da ba za a iya kwance faifan da kwamfuta take gudana a kai ba, dole a tashe ta daga filash. Filashin da nake da shi tsoho ne, kayan btrfs na cikinsa sun tsufa, don haka na sauko da sabo, domin wannan umarni yana cikin waɗanda aka yi wa gyare-gyare masu yawa, har an sake rubuta shi a siga ta 4.6, kuma bai dace a damƙa wa tsohuwar siga faifai ba. Kafin na kashe kwamfutar na tabbatar btrfs-progs yana cikin ita manhajar kanta. Sauyawar a SSD mai bayanai kimanin gigabait 180 ba ta kai minti 25 ba. Sai dai bayan sauyawa komai yana zube ne a tushen faifan, wato reshe mai lamba 5, alhali manhajar Timeshift da nake son amfani da ita wajen ɗaukar hoton yanayin kwamfuta ba ta aiki sai da rassa masu suna @ da @home. Na ɗauki hoton tushen na sa masa suna @, na ƙirƙiri @home na mayar da kayan gida ciki, na gyara fstab. Daga nan na ɗaura @, na haɗa masa /dev da /proc da /sys da ɓangaren EFI, na shiga da chroot, umarnin da ke sa in yi aiki kamar a cikin manhajar faifan nake, na gudanar da update-initramfs da grub-install da update-grub. Sake girka GRUB, manhajar da ke tayar da Linux idan an kunna kwamfuta, wajibi ne a nan, domin hanyar da yake bi ya sami fayilolinsa ta koma ƙarƙashin @.

Na cire filash, na kunna, GRUB ya fito, Linux ya fara tashi, na fara murna, sai jajayen layuka suka riƙa zubowa, allon shiga kuma ya ƙi bayyana. Na koma tagar rubutu na shiga, na gwada ƙirƙirar fayil, aka ce faifan na karatu ne kawai. A cikin dmesg, inda ake ganin saƙonnin da Linux ke rubutawa, na ga dalilin a layi guda: btrfs bai san zaɓin errors=remount-ro ba. Wannan zaɓi na ext4 ne, yana nan a layin tushe tun ranar da aka girka manhajar, kuma idona ya saba da shi har ya daina ganinsa. Sai na shiga wani ƙaƙa-ni-ka-yi, domin fstab ɗin da zan gyara yana kan faifan da ya ƙi karɓar rubutu, kuma da na ce mount -o remount,rw / sai ya sake karanto wannan zaɓin daga fstab ya sake ƙi. Mafitar tana cikin littafin mount: idan ka ambaci sunan ɓangaren da wurin ɗaurawa duka biyu, ba ya waiwayar fstab. Na yi haka, faifan ya buɗe, na share zaɓin, na sa compress=zstd da noatime a madadinsa, na sake kunnawa, allon shiga ya fito.

Saura fayil ɗin swap, wanda kwamfuta ke jingina da shi idan ƙwaƙwalwarta ta cika. Nawa ya ƙi kunnuwa, dmesg kuma ya ce bai halatta ya kasance mai kwafi-kafin-rubutu ba. Btrfs ba ya rubutu a kan tsohon gurbi, sabon wuri yake nema kowane lokaci, shi kuwa swap yana bukatar wuri tsayayye. Tun daga Linux 5.0 ake iya ajiye shi a btrfs, da sharaɗin a ƙirƙire shi da wannan keɓancewa, kada a matse shi, kuma ba a iya ɗaukar hoton reshen da yake ciki yana kunne. Na goge tsohon, na buɗe masa reshensa na daban, na ƙirƙiri sabo mai gigabait 8 da btrfs filesystem mkswapfile, umarnin da ya shigo a siga ta 6.1. Irin wannan kulawa na yi wa fayilolin kwamfutocin gwaji da nake gudanarwa a ciki, waɗanda ake yawan rubutu a tsakiyarsu: na buɗe sabuwar folda, na sa mata chattr +C tun babu komai a cikinta, na kwafo su ciki, domin alamar ba ta kama fayil ɗin da ya riga ya ƙunshi bayanai. Na yi haka ina sane da cewa waɗannan fayiloli sun rasa lambar tantancewa ke nan.

Idan na auna ayyukan biyu, hukuncina a kansu ba ɗaya ba ne. A babban faifan bayanai zan sake bin wannan hanya ba tare da shakka ba, matuƙar faifan lafiyayye ne, yana da sarari mai yalwa, akwai kwafin waje, akwai kuma takardar lambobin da za ta ba da shaida bayan an gama. A faifan manhaja kuwa, da zan sake, sabon girki zan yi in mayar da kayana, domin lokacin da na ɓatar a kan rassa da GRUB da fstab da swap ya ninka na sauyawar kanta sau da yawa, kuma mai girkawa zai yi mafi yawansu da kansa. Abin da na lura da shi a duka biyun shi ne umarnin sauyawar bai ba ni matsala ko sau ɗaya ba, duk tuntuɓen da na yi a kan abubuwan da ke kewaye da faifan ne, waɗanda har yanzu suke ɗaukarsa a matsayin ext4. Da na zauna tun farko na rubuta duk inda aka ambaci lambar faifan ko nau'insa ko zaɓinsa, da na tsallake firgici biyu. Mai amfani da Windows kuma kada ya ɗauka labarin ɗaya ne: umarnin convert da ke mayar da FAT32 zuwa NTFS shi ma a inda ake yake aiki, amma ba ya barin ƙofar komawa.

Reshen ext2_saved na SSD ya yi kwana 20 kafin na goge shi, tare da tsofaffin fayilolin da suka rage a tushe bayan na koma @, kuma na karanta jerin sunayensu sau biyu kafin na danna. Yanzu na tsara scrub ya gudana sau ɗaya a kowane wata a faifan biyu, ina kuma duba btrfs device stats bayan kowane zagaye kafin in sabunta kwafin waje, domin kada in sake kwafar lalatacce in danne lafiyayye. Zagaye uku aka yi zuwa yanzu, layukan kuskure biyar ɗin duka suna kan sifili. Takardar nan mai rabin toka kuwa na samo asalinta a cikin wani tsohon kwali, na sake ɗaukarta da sikana, na ajiye sabuwar kusa da lalatacciyar a folda guda.